Neman shawara kan sayen na'urar leza mai rubutu a jikin ƙarfe

Maƙerin Panteka:
Assalamu alaikum. Ina da shago a kasuwar Panteka da ke Kaduna inda muke ƙera injinan niƙa da na sussukar masara. Har yanzu da guduma da hatimin ƙarfe muke buga lambar kowane inji, sunan shago kuwa takarda muke liƙawa, wadda ba ta wuce damina ɗaya take ɓarewa. Abin da ya fi damuna shi ne an fara kawo mini injinan da ba ni na ƙera ba, ana cewa nawa ne in gyara. Saboda haka nake son sayen na'urar leza. Wani dillali ya nuna mini iri biyu, ta faiba da ta CO2, ya ce kowacce za ta yi. Shin haka ne? Kuma me ya kamata in bincika kafin in biya kuɗi?

Injiniya daga Kakuri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar dillalin nan ba daidai ba ce, domin abin da za ka yi rubutu a kansa shi ne yake zaɓar maka na'ura. Hasken ta faiba yana da tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta nau'in haske) na nanomita 1064, wanda ƙarfe ke sha sosai, shi ya sa take rubutu a baƙin ƙarfe da alminiyam da tagulla da ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta CO2 kuwa zangonta nanomita 10,600 ne, kuma tsuran ƙarfe yakan mayar da mafi yawan wannan hasken, don haka aikinta yana kan katako da fata da takarda da gilashi. Aikinka na faiba ne.

Game da ƙarfi, mai wat 20 za ta rubuta suna da lamba a kan farantin alminiyam, amma tunda kana son rubutun da zai nutse yadda ba za a kankare shi cikin sauƙi ba, na fi ba ka shawarar mai wat 30, ko 50 idan da hali. Ka kula da faɗin filin rubutu: madubin na'urar (gilashin da haske ke fitowa ta cikinsa) da ke ba da milimita 110 a kan 110 ya fi tattara haske fiye da mai ba da 300, saboda haka kada girman fili ya ruɗe ka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tushen hasken da ke cikin akwatin, domin shi ne mafi tsada a na'urar. Ka nemi a rubuta maka sunan kamfaninsa da lambarsa a takardar ciniki, ko Raycus ne, ko JPT, ko Max, ko IPG, sannan idan kaya ya iso ka sa a buɗe a gwada lambar da wadda ke takarda. Masu ƙerawa suna cewa tushen faiba kan kai awa 100,000 yana aiki, amma garantin da za a ba ka bai kai kusa da haka ba, kuma shi ne abin dogaro.

Mai buga kyaututtuka, Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, ni wuta ce ta koya mini darasi. Ban cika wata uku da sayen tawa ba wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allon da ke sarrafa ta, na yi makonni ina jiran wani daga Sin, aiki a tsaye. Ka sanya kuɗin sitabilaiza da inbata cikin lissafinka tun farko, kuma a kafa mata waya ta ƙasa. Sannan kada ka ajiye ta inda ake walda da gurzar ƙarfe. Ƙurar shago da ta hunturu idan ta kwanta a madubi tana rage ƙarfin rubutu, har ta iya lalata shi. Ka ware mata ɗaki mai rufi, da fanka mai fitar da hayaƙi waje.

Hasken faiba ba a ganinsa da ido, amma yana makantarwa, don haka kai da yaranka ku sa tabarau da aka yi domin zangon 1064, ba gilashin walda ba. Kada kuma a ɗora mata robar PVC, hayaƙinta guba ne.

Wakilin fito da kaya:
Alhaji, idan da kanka za ka shigo da ita daga ƙasar waje, ka buɗe Form M, wato takardar rajistar shigo da kaya, ta bankinka kafin a ɗoro kaya, ka kuma tambayi wakilinka batun takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kaya ta hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya. Akwai tashar tsandauri a Kakuri da aka buɗe a 2018, amma na'ura guda ba ta cika kwantena ba, yawanci haɗa ta ake yi da kayan wasu. Idan a hannun dillali na gida za ka saya, ka tafi da farantinka ya rubuta a gabanka, ka kuma tabbatar zai koya wa yaronka manhajar EZCAD, wadda ake sarrafa na'urar da ita.

Maƙerin Panteka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da shawara a kan ta faiba mai wat 30. Ranar Asabar zan kai wa dillalin faranti biyu, na alminiyam da na baƙin ƙarfe, in ga zurfin rubutun da idona kafin mu yi maganar farashi.