Tambaya ga 'yan golf: in tsallake ruwan ko in ajiye a gabansa?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu buga golf a taimaka min da shawara. Na fara bugawa a filin IBB da ke Abuja, handikaf ɗina (ma'aunin ƙwarewar ɗan wasa) 22, kuma ramukan fa 5 (waɗanda ake son a gama da bugu biyar) masu ruwa a gaban girin (shimfiɗar ciyawar da ramin yake) su ne ke cinye min maki. Direba (sandar bugun farko mai nisa) na kai ni wajen yadi 210 in ta yi kyau, amma tana yawan karkata dama, sai bugu na biyu ya zamo ko dai in ɗauki sandar wud 3 mai dogon zango in tsallake ruwa ko in ajiye a gabansa da sandar ayan 7 mai gajeren zango. In na tsallake rabi ruwa ke shanyewa ga ƙarin bugu na hukunci, in na ajiye kuma sai saura yadi 50 zuwa 60 wanda wallahi shi ne nisan da na fi tsana, ko ta yi gajere ko ta wuce ta faɗa banka (ramin yashi). Kadina (mai ɗaukar min sanduna) ya ce in bar direba gaba ɗaya in fara da sandar haibirid, in ajiye ya zama saura yadi 100 cif zuwa girin. Yanzu ga hunturu ƙasa ta bushe ƙwallo sai gudu take. Ku ya kuke lissafin wannan?