Masu karɓar kemo na sankarar hanji, yaya kuke yi da sanyi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini aikin sankarar babban hanji, yanzu ina karɓar kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) duk sati 2, ciki har da wani magani mai suna oxaliplatin. Ga hunturu ya shigo. Da na taɓa ruwan randa don alwalar asuba sai yatsuna su ɗau zafi kamar ana soka allura, in na kurɓa kuma maƙogwaro ya shaƙe. Likita ya ce aikin maganin ne, in guji sanyi. Ina ɗumama ruwa, amma ko ƙofar ƙarfe na taɓa haka ne.

Wata baiwar Allah da muke zama tare a asibiti, nata ya fi nawa, saka maɓalli ma ya gagare ta, har tana cewa za ta daina zuwa. Ku da kuka wuce wannan, me ya taimake ku? Kuma me zan ce mata?