Me ke jawo fargaba idan mai shan giya ya daina kwatsam?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum. Mutum ya yi shekaru yana shan giya kullum, ya tuba ya daina rana ɗaya. Washegari sai rawar hannu, gumi, faɗuwar gaba da tsoro babu dalili. Wasu na cewa iska ce ta taɓa shi. Don Allah masana, me ke faruwa?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ba iska ba ce, malam. Akwai sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa: GABA mai kwantar da jijiyoyi, da gulutamet mai zaburar da su. Giya na ƙara wa GABA ƙarfi, tana danne gulutamet. Idan sha ya daɗe, ƙwaƙwalwa kan rama: ta rage jin GABA, ta ƙara wuraren karɓar gulutamet. Ranar da giya ta ɗauke, birki ya yi laushi, totur kuma na sama. Noradirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki lokacin tsoro, ya yi yawa, shi ne gumin da bugun zuciyar.

Alamu kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Farfaɗiya na iya zuwa cikin awa 48 na farko. Mafi muni tsakanin awa 48 da 96: ruɗewa, zazzaɓi, ganin abin da babu. Wannan na iya kisa.

Baban Sadik:
Shi ya sa mai sha kullum ba ya dainawa shi kaɗai a ɗaki, balle a kulle shi. A asibiti ana ba da magungunan kwantar da jijiyoyi, diazepam ko chlordiazepoxide, su riƙe gurbin giyar, a riƙa rage su cikin kamar mako guda. Mai ciwon hanta lorazepam ya fi dacewa da shi. Ana kuma ba da bitamin B1 kafin ko tare da ƙarin ruwa mai sukari, don ƙarancin bitamin ɗin na lalata ƙwaƙwalwa. Kada a sayo diazepam a kemis. Haɗuwarsa da giya na iya tsayar da numfashi.

Maman Ilham:
Ƙari ɗaya. Yawan dainawa da komawa na sa alamun kowace dainawa su fi na baya tsanani, don haka a faɗa wa likita sau nawa aka gwada. Fargaba da rashin barci kan ɗauki makonni kafin su lafa. Idan an wuce wata guda babu sha kuma tsoron na nan, a duba ko akwai ciwon fargaba tun asali.