Siliniyam a ciyawar namun daji: nawa ne ya isa?

Malam Garba:
Assalamu alaikum. Masana, ina neman ƙarin haske. Ga dabbobin gida an ce abinci ya ƙunshi kusan miligiram 0.1 na siliniyam, sinadarin da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga gare shi, a kowane kilo na busasshiyar ciyawa. Shin wannan ma'auni ya shafi namun daji masu kiwo irin su barewa, gwanki da ɓauna? Idan aka gwada ciyawar wani daji aka samu 0.04, za a ce garken yana cikin rashi ke nan? Kuma yaya ake ɗebo ciyawar don kada sakamakon ya yi ƙarya?

Dakta Binta:
Wa alaikumus salam, Malam. Daga shanu da tumaki aka samo wannan 0.1 ɗin, ana aronsa ne ga namun daji. Ƙasa da 0.05 ana ɗaukarsa rashi, daga 5 zuwa sama kuwa guba ce idan dabba ta daɗe tana ci. To 0.04 ishara ce ta a bincika, amma ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba.

Dalili shi ne dabbar daji ba a ɗaure take ba. Tana zaɓen abin da za ta ci, ta ɗan tsinki ganyen itace, ta lashi ƙasa mai gishiri, ta sauya wurin kiwo da sauyin yanayi. Sannan siliniyam da bitamin E aiki ɗaya suke taya juna, wato kare tsoka daga lalacewa. Ɗanyar ciyawa cike take da bitamin E, shi ya sa rashin yakan ɓoye. Idan ciyawa ta bushe bitamin ɗin ya ragu, sai matsalar ta fito fili.

Jikin dabbar ne zai faɗi gaskiya. A ɗebi jini gaba ɗayansa, kada a tsaya ga ruwan jinin da aka tace, domin ruwan jini abincin 'yan kwanaki yake nunawa, jajayen ƙwayoyin jini kuwa suna riƙe da labarin watanni. A shanu, ƙasa da miligiram 0.05 a litar jini rashi ne. Idan an samu mushe sabo, a yanki hanta a daskarar da ita, a kuma buɗe cinya da zuciya. Tsokar da rashin ya ci za ka gan ta da farin zane-zane kamar an shafa alli, galibi a ƙafafun biyu daidai wa daida. Ƙanana ne suka fi shan wahala: ɗan ya kasa miƙewa ya sha nono, ko ya kasa gudu, namun daji masu farauta su gama da shi kafin kowa ya gani. A arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka an ba barewa mata siliniyam, adadin 'ya'yan da suka rayu ya ninka fiye da sau biyu, alhali iyayen ba su nuna alamar ciwo ba tun farko.

Injiniya Habu:
Bari in ɗauki ɓangaren ƙasa da ɗibar ciyawa, don a nan aka fi yin kuskure.

Yawan siliniyam a ƙasa daban, abin da saiwa ke iya sha daban. A ƙasa mai tsami da ruwan sama mai yawa, sinadarin ƙarfe yana ƙanƙame shi, tsiro ba ya samu. A busasshiyar ƙasa mai kanwa-kanwa yana narkewa cikin sauƙi, tsiro ya sha har ya wuce kima. Farar wuta ma tana gogayya da shi a bakin saiwa, don haka inda ta yi yawa siliniyam na ciyawa yakan faɗi. Dangin wake sukan fi ciyawa ƙarancinsa, kuma ciyawar da ta yi saurin girma bayan ruwa mai yawa nata yakan tsarma.

Wajen ɗiba, a fara zama a kalli abin da dabbobin ke ci da gaske, a yanko irin wannan tsiron daidai tsayin da suke cizga, kowane iri a jakarsa. A sa safar hannu, almakashi ya zama wanda ba ya tsatsa, kada ƙasa ta shiga, domin ƙurar ƙasa kaɗan tana iya ɗaga sakamakon. Jakar takarda ake amfani da ita. A leda ciyawa takan yi gumi ta ruɓe. A busar a zafin da bai haura digiri 60 na ma'aunin Celsius ba, saboda wani kaso na siliniyam yana tashi da zafi. A niƙa, a kai ɗakin gwaje-gwajen da na'urarsa ke iya gano 0.01, a kuma nemi sakamako bisa busasshen nauyi. A maimaita da damina da rani.

Malam Garba:
Allah ya saka da alheri. To idan rashin ya tabbata, sai a zuba gishirin lasa mai siliniyam a dajin?

Dakta Binta:
A yi hattara sosai a nan, Malam. Gishirin lasa ba ya rabuwa daidai: manyan maza su mamaye wurin, masu ciki da suka fi buƙata su samu kaɗan, taruwar kuma ta sauƙaƙa yaɗuwar cuta. Ƙwayar siliniyam da ake turawa cikin tumbi tana narkewa a hankali ta fi tabbas, sai dai dole a kama dabbar, kuma kamu yana lalata tsokar dabbar daji, balle wadda ke da rashi. Ƙasar Finlan tana sa siliniyam a takin zamani tun 1984, amma wannan dabarar gonaki ce.

Kafin a ƙara komai, a tabbata babu tsiron da ke tara siliniyam a yankin. A jihohin Wayomin da Dakota ta Kudu na Amurka akwai tsirrai irin su Astragalus da ke tara dubban miligiram a kilo, ganyensu na warin tafarnuwa. Dabbar da ta daɗe tana cin ciyawar irin wannan ƙasa gashin jelarta yakan zube, kofato ya tsage a kwance, ta riƙa ɗingishi har ta kasa zuwa ruwa.