Mu kai yara gidan tarihin tankokin yaƙi na Bovington, ko mu haƙura?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Muna Landan, ba mu da mota. Ɗana mai shekara 9 ya addabe mu sai an kai shi Bovington, a kudancin Ingila, a hutun Oktoba ya ga tankar Jamus, Tiger 131. Matsalar ita ce surukata ta zo daga Maiduguri, tana fama da ciwon gwiwa, kuma ƙara mai ƙarfi na firgita ta. Ba zan iya barin ta ita kaɗai a gida ba. Wanda ya taɓa zuwa ta jirgin ƙasa, yaya abin yake? Ko mu tsaya a Imperial War Museum, gidan tarihin yaƙi da ke nan Landan, tunda shiga kyauta ce?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ku shiga motarku da sassafe kawai, kafin azahar kun isa.

Maman Hanifa: Malam, ai na ce ba mu da mota.

Ummu Yasir: Daga tashar Waterloo a Landan za ku hau jirgin Weymouth ku sauka a Wool, wajen awa biyu da rabi. Daga tashar akwai ɗan nisa, da tsohuwa sai tasi. Ki yi katin rangwamen kuɗin jirgi na Family & Friends, fam 30 ne, ana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya, kashi 60 cikin 100 ga yara. Ki dafa abincinki ki tafi da shi.

Danliti: Hajiya, katin ya koma fam 35 tun 2025.

Ummu Yasir: Ni dai 30 na biya.

Abu Sadiq: 'Yar'uwa, don Allah ki yi tunani. Mahaifina yana Baga lokacin harin Janairun 2015, da ƙafa ya fita. Da ya zo wurina na kai shi wani bikin nuna motocin soja, a zatona zai ji daɗi. Ana tayar da injin farko, ƙasa ta fara rawa, sai na ga ya riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu, hularsa ta faɗi bai ko duba ta ba. Ya tsuguna a cikin mutane yana salati. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Har ya rasu bai ƙara yarda na kai shi ko'ina ba. Kuɗin tikiti ba shi ne abin dubawa ba.

Hajiya Turai: Allah ya jiƙansa da rahama. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Injiniya: Amin. Amma Abu Sadiq, ba Bovington ka je ba. A cikin zauren tankokin a tsaye suke, kusan 300, har da Little Willie, samfurin tanka na farko da aka ƙera a 1915. Babbar hayaniya sai lokacin bikin tankoki na Tankfest a watan Yuni da ranakun da ake fito da Tiger. A lokacin hutu ma sukan yi nuni a filin waje, ta duba jadawali tukuna. Wanda bai je wuri ba bai kamata ya hana wani ba.

Abu Sadiq: Kai ka san tanka, ni na san tsoho. Ta zaɓi wanda za ta saurara.

Danliti: Mu a unguwarmu a Kano tankar ruwa muke jira, ku kuna biyan fam don kallon ta yaƙi!

Malam Buba: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Tiger ɗin nan a Tunisiya aka kama ta a 1943, har yau ana shafa mata mai ana lallaɓa ta. Kakana yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Birtaniya da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗauki kaya a ka cikin daji. Ya dawo da lambar yabo, ya mutu yana gadi. Wa ke tuna su?

Hajiya Turai: Mu ma ai ba mu tuna su ba. Yaranmu nawa suka san akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia?

Maman Hanifa: Na gode duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ko akwai keken guragu da wurin sallah.

Malam Buba: Lambar kakan nawa ma an sayar da ita tun ina yaro.