Rigimar HD DVD da Blu-ray: abin da masu sana'ar faifai a Maraɗi suka gani

Mai gyaran na'urorin bidiyo, unguwar Zariya:
Ƴan'uwa, ina roƙon duk wanda ya yi harkar faifai tsakanin 2006 da 2008 ya gaya mana abin da ya gani. A wancan lokaci na tsaya a kan cewa, cikin sababbin faifan bidiyo biyu da ke takarar maye gurbin DVD, HD DVD na kamfanin Toshiba ne zai yi rinjaye, domin bayanan da ke cikinsa suna zurfin milimita 0.6 daga fuskar faifan, daidai da DVD na yau da kullum, saboda haka masana'antar da ke buga DVD tana iya gyara injinanta da kuɗi kaɗan ta buga wannan da safe, wancan da yamma. Blu-ray na su Sony kuwa rufinsa milimita 0.1 ne kacal, sai an sayi sababbin injina, kuma sai an shafa masa wani abu mai tauri don kada ya karce.

Ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Dubai:
Malam, lissafinka na masana'anta daidai ne, amma mai saye ba ya tambayar nawa aka kashe wajen buga faifai. Abin da na gani a shagunan can shi ne PlayStation 3, na'urar wasan bidiyo ta Sony, wadda ta fito a ƙarshen 2006 da Blu-ray a cikinta, ta shigar da shi gidaje ba tare da an nema ba. Da Warner, kamfanin fina-finai na Amurka, ta koma ɓangaren Sony a Janairun 2008, Toshiba ta janye a watan Fabrairu, na'urar HD DVD da na sayo ta zama kayan ado a shagona. Abin takaicin shi ne ta fi dacewa da mu, tunda faifanta ba shi da kullen yanki, alhali Blu-ray ya raba duniya uku, ya sa Afirka a rukunin B, faifan Amurka mai kulle ya ƙi tashi a na'urar da aka sayo daga Faransa.

Mai kwafar fina-finai, babbar kasuwa:
Alhaji, mu dai ko ɗaya bai shigo aikinmu ba. A wancan lokaci fina-finan Hausa da ke zuwa daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa a kan VCD da DVD suke, kuma injin kwafata yana karɓar farin CD ko farin DVD duk wanda na zuba masa. Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, HD DVD 15, amma mai tsohuwar talabijin ba zai ga bambancin hoton ba, balle ya biya kuɗinsa. Abin da ya rage mini ciniki daga baya shi ne samarin da ke tura fim a katin waya, har na sayi kwamfuta na kafa tebur kusa da nasu.