Neman shawara: Na rasa yadda zan ƙare labarin tsohon sajena

Mai-Fensir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da doguwar magana, shawara nake nema.

Wata bakwai ke nan ina fama da wani labarin zane, irin na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam. Kashi shida na tsara shi, kowanne shafi 24. Huɗu sun kammala, na biyar ya yi rabi, na shida kuwa ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Jarumin tsohon saje ne, ya ba hamsin baya, yana gadin dare a wata kasuwa a Kano. Da can yana cikin sojojin Najeriya na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Saliyo. A Janairun 1999, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Freetown, babban birnin ƙasar, yana tsaye a shingen bincike da dare, ga dokar hana fita, sai wani yaro ɗan shekara sha biyu ya taho a guje, hannunsa cikin riga. Ya daka masa tsawa, yaron bai tsaya ba, ya harba. Da aka juya gawar, burodi ne a cikin rigar. Tun daga wannan dare kunnensa ya buɗe: duk inda yaro ke kukan tsoro a cikin gari yana jinsa, ko da nisan ya kai daga Kurna zuwa Hotoro, kuma ƙarfe ba ya cinsa. Yaran unguwa suka sa masa suna Garkuwa. Abokan gabarsa wasu masu satar yara ne.

Matsalata biyu. Ta farko ƙarshe. Ko dai ya mutu wajen ceto yara talatin daga gidan da aka cinna wa wuta, ko kuma uwar yaron ta bayyana ta ce ta yafe. Duk wanda na zana sai in ji kamar na yi ƙarya. Ta biyu, ƙanin mahaifiyata ya yi wannan yaƙin, kuma bai taɓa cewa uffan a kansa ba. Ina tsoron ya gani ya ɗauka da shi nake. Na sa shafi uku a ƙasa don ku gani.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Zanen ya yi, musamman inda yake zaune kan benci da tocila. Ni dai kashe shi kawai, ɗan'uwa. Mutane na son ƙarshen da zai sa su hawaye. Amma ka yi tunani, in ya mutu ina kashi na bakwai? Kada ka yanka kazar da ke maka ƙwai.

Tsohon Kofur:
Yaro, bari in fara da hula. Ka yi wa sajenka hular kwano shuɗiya. Shuɗi na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, su kuma sai ƙarshen 1999 aka kafa rundunarsu a Saliyo, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Lome ta watan Yuli. Mu fara muka sa, an rubuta ECOMOG a goshi. Duk wanda ya je can, da ya ga shuɗin nan zai ajiye littafinka.

Ranar 6 ga Janairu suka shigo, ta gabas, ta wajen Calaba Town da Wellington da Kissy, tun kafin gari ya waye. Abin da ya kamata mai karatu ya gane kafin sajenka ya ɗaga bindiga shi ne, sun shigo ne a cakuɗe da farar hula, sun tura mata da yara gaba kamar garkuwa. Kuma suna da yara masu bindiga, wasu bindigar ta kusa tsawonsu. To ka ga yaro ya taho a guje da dare, kana da ɗan lokacin da bai kai na haɗiye yawu ba. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. An yi abubuwa a kowane ɓangare da ba zan rubuta a nan ba. Amma in ka zana yaron kamar ɗan makaranta yana tafe da rana tsaka, ka mai da sajen mahaukaci, shi kuwa ba mahaukaci ba ne, matsoraci ne na daƙiƙa ɗaya.

Na biyu, shafinka na mafarki. Ka zana shi ya farka yana ihu yana gumi. Haka ake yi a fim. Akwai masu yin haka, amma yawancin waɗanda na sani shiru ne ciwonsu. Mutum ba ya zama a shago ya ba ƙofa baya. Taya ta fashe a titi, kowa ya waiga ya ci gaba da hira, shi sai ka ga hannunsa na rawa ya tura shi cikin aljihu. Lokacin da yara ke fasa nokawut, ya shige ɗaki ya kunna rediyo da ƙarfi. Ina da aboki, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai ƙara tsayawa kusa da mai tsire ba saboda ƙaurin. Matarsa ta ɗauka rowa ce.

In da ni ne kai, sajen nan ba zai ƙara cin burodi ba. Kullum da asuba mai shayi ya miƙo masa, ya ce shayi kawai. Kar ka yi bayani. Ka bar mai karatu ya yi ta gani tun kashi na ɗaya, sai a na huɗu ya gane dalili.

Zancen kawunka, kar ka je masa da biro da takarda. Ka je ka gaishe shi kawai.

Mai-Fensir:
Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Wallahi hular daga wani hoto na kwaikwaya, ban san na wata runduna ba ce. Maganar burodin nan ta shige ni. Da izininku zan yi amfani da ita.

Malama 'Yar Zazzau:
Ƙanena, ka ji kamar ka yi ƙarya ne saboda ƙarshen biyu duk sajen suke yi wa hidima. A na farko ka ba shi mutuwar jarumai, a na biyu ka ɗauko uwa tun daga Saliyo don kawai ta zo ta sauke masa kaya. Ita fa? Shekara ashirin da wani abu ba ta san wanda ya kashe ɗanta ba, ƙila ba ta ma san inda aka binne shi ba, sai ta fito a shafi biyu ta ce na yafe, a rufe littafi? Ko suna ba ka ba yaron ba. Na duba shafukan da ka sa, "yaron" kawai ake ta cewa. Ka ba shi suna, ka ba shi ƙanwa da ke jiran burodin nan a gida.

Sannan lissafin nan na yara talatin a madadin ɗaya, ni bai kwanta mini ba. Rai ba kuɗin adashi ba ne da za a zuba har a cike gurbi. Amma ka san me? Kada ka cire lissafin, ka mai da shi ciwon sajen. Ka ba shi ƙaramin littafi a aljihu, yana jan layi duk yaron da ya ceto, yana zaton akwai adadin da in ya kai zai yi barci. Ya kai goma, ya kai ashirin, barci ya ƙi. Nan labarinka yake.

Wani abu kuma, ka rage magana a cikin da'irorin nan da ake rubuta zancen mutanen labari. Shafi na biyu ya cika da surutu har fuskarsa ba ta samu wuri ba. Mai gadin dare ba ya wa kansa huɗuba.

Ɗan Damagaram:
Malama, da girmamawa, wannan fa labarin jarumai ne, ba darasin aji ba. Yara za su saya ne don su ga ya fasa bango ya yi jifa da mota. In an cika shi da tunani wa zai karanta?

Malama 'Yar Zazzau:
Ya fasa bangon mana, wa ya hana shi? Ya fasa guda goma. Cewa na yi kada bangon ya zama maganinsa.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Ni ba marubuci ba ne, mai karatu ne, amma akwai abin da nake ganin kun tsallake alhali yana gidanmu.

Wahshi ɗan Harb shi ya kashe Sayyidina Hamza ranar Uhudu da mashi. Daga baya ya musulunta. Ya zo gaban Manzon Allah (SAW), aka karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, amma Annabi ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ƙissar tana cikin Buhari. Ku duba da kyau: an karɓe shi, amma zafin rashin baffa bai gushe ba, kuma ba a ɓoye hakan ba. Bayan wafatin Annabi ya fita yaƙin Yamama, ya jefi Musailama da mashinsa, yana fatan ya rama abin da ya yi. Bai jira an rungume shi ba kafin ya yi aikin.

Ga kuma Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen fama, yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗa. Annabi ya yi ta maimaita masa tambaya har Usama ya yi burin da a ranar ya fara musulunta. Da fitina ta tashi tsakanin musulmi daga baya, ƙin ɗaukar takobi ya yi. Sajenka ya fi kama da shi, don shi ma zato ya bi.

To malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba. In da haƙƙin wani a ciki, sai an mai da shi ko an nemi afuwar mai shi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure, da diyya ga iyalin mamaci sai in sun yafe, da azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba. Hukuncin soja a bakin aiki kuwa ka kai wa malami ya warware maka, ba a nan ba. Abin da nake nufi, sajenka shekara da shekaru yana ceton 'ya'yan wasu a Kano, amma bai taɓa neman ƙofar gidan da ya yi wa ɓarna ba. Mafi yawan mutanen Saliyo musulmi ne, ba mamaki uwar yaron ta san ayar nan kamar yadda ya santa. Shi zai je, ba ita za ta zo ba.

Sai batun ƙarfe da ba ya cinsa. Ka yi hattara da inda ka ce ƙarfin ya fito. In ka ce laya ce ko tauri ya sha, wasu iyaye ba za su bari littafin ya shiga gidansu ba. Buɗewar kunnen ta fi mini, don ta zo kamar jarrabawa, ba kamar kyauta ba.

Mai Launi:
Ƙaramar gudummawa ta wajen fenti. Duk shafin Freetown ka yi shi da launi biyu kawai, baƙi da ruwan ƙasa, ka bar burodin shi kaɗai da launinsa. Zai ma rage maka kuɗin bugu in ka sa shafukan a faranti ɗaya. Kuma kar ka zana harbin kansa. Gidan zane ɗaya yatsa a kan kunamar bindiga, gida na gaba silifas ɗaya a kan kwalta. Ya isa.

Tsohon Kofur:
Malam ya faɗi abin da na kasa faɗa. In za ka kai shi Freetown, jirgi a Lungi yake sauka, sai an tsallaka ruwa kafin a shiga gari. Ka ba tsallakawar nan shafi guda cur, ba magana. Mutumin da harsashi ba ya huda shi, ga shi ya riƙe ƙarfen jirgin ruwa ƙafarsa na kakkarwa.

Mutanen can sun yi nasu ƙoƙarin. Sun kafa hukumar gaskiya da sasantawa, ta miƙa rahotonta a 2004. Daga baya aka samu shirin da suke kira Fambul Tok, wato maganar dangi da harshen Kiriyo, inda ake hura wuta da dare a ƙauye, wanda ya yi laifi ya tashi ya faɗa a gaban wanda ya yi wa. Wasu sukan yafe a wurin. Ba dole ba ne taka uwar ta yafe.

Mai-Fensir:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya ban yi barci ba, na yaga daftarin kashi na shida. Gobarar na dawo da ita ƙarshen na biyar, zai fasa bango ya fito da yaran, kuma ba zai mutu ba, Ɗan Damagaram ka kwantar da hankalinka. Washegari ya buɗe ɗan littafinsa ya ja layi talatin, ya kwanta, idonsa biyu har kiran assalatu. Na shida duka tafiya ce. Yana isa Kissy kunnen nasa zai ɗauke, ya koma kamar kowa, dole ya yi ta tambaya gida-gida. Ƙanwar ce za ta buɗe masa ƙofa, yanzu ita ma uwa ce. Za ta saurare shi har ƙarshe, ta tambaye shi abu ɗaya, inda aka binne yayanta. Abin da ban yanke ba shi ne ko ya san amsar.

Ranar Juma'a zan je wajen Kawu bayan masallaci. Ba biro, ba takarda, Baba.

Tsohon Kofur:
Madalla. Ka tafi masa da goro. In ya kunna rediyo, to ka yi shiru ku saurara tare. Amsar kuwa, a makonnin nan an binne mutane da yawa a rami ɗaya, ba a rubuta sunan kowa ba. Sajenka zai iya tuna kwanar titin, ba zai san kabarin ba. Kuma kar ka manta ka gyara hular.